Kalmomin Ɗora Laifi da Ake Koyarwa Kamar Jadawalin Lissafi

A yawancin azuzuwan Turanci na sakandare, ana jera *could have*, *might have*, *should have* da *must have* a kan allo, ɗalibai su haddace, su juye su a jarrabawar WAEC ko NECO, su manta. Wannan sakaci ne babba, domin da waɗannan kalmomi ake ɗora wa mutum laifi ko a wanke shi, a rahoton asibiti, a takardar tuhuma ta ofis, da kuma gaban alƙali.

A ɗauki majinyaciyar da ta rasu bayan an makara wajen yi mata tiyata. Idan likitan da ya rubuta rahoto ya ce *she might have survived*, abin da ya faɗa shi ne wataƙila da ta rayu, babu tabbas. Idan ya ce *she could have been saved*, ya nuna akwai halin cetonta, ba a yi ba. Idan kuwa ya ce *she should have been operated on earlier*, to ya yanke hukunci: akwai wanda nauyi ya hau kansa bai sauke ba. Lauyan da zai karanta takardar ba ruwansa da abin da likitan ya nufa a zuci. Dokar sakaci da Najeriya ta gada daga Ingila tana yawan jingina da lafazin *knew or ought to have known*, wato ya sani ko ya kamata a ce ya sani, kuma rashin sani ba ya fitar da wanda aikinsa ne ya sani.

Mafi haɗari ita ce *must have*. An koya wa yaro cewa *must* na nufin dole, sai ya girma yana zaton *must have* dolen jiya ce. Shugaban sashe ya so ya kare direbansa, ya ce larura ce ta sa ya tashi da wuri, sai ya rubuta *he must have left early*. Abin da hukuma za ta karanta shi ne: lalle dai ya tashi da wuri, alamu sun nuna. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne *he had to leave early*. Uzuri ya koma shaida a kan wanda aka so a kare.

Abin haushin shi ne Hausa tana da duk waɗannan bambance-bambance. Yaro ɗan shekara bakwai ya san "da an kira ni da na zo" daban take da "ya kamata a ce na zo", kuma "da ma ban je ba" nadama ce tsantsa. Malamin da zai ɗora darasin a kan wannan, cikin awa guda zai gama. Amma akwai makarantun da har yanzu suke cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji, bisa hujjar wai za ta ɓata masa Turanci. Turancin da aka tsare da tarar ne ke fitar da masu digiri da ba sa rarrabe zato da tilas.

Masu rubuta wa hukumomi sanarwa kuwa sun laƙanci darasin sarai. In an yi ɓarna, sai a ji *it could have been handled better*: babu mai aikatawa a cikin jimlar, babu *should*, babu wanda ya ce na yi kuskure. Sau da yawa a fassara ta a rediyo da cewa hukuma ta nemi afuwa, alhali ba ta nema ba.