Filin Sukuwa Ba Na Koyon Mota Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, a makon jiya na tambayi mutum shida a ajinmu me ake yi a Filin Sukuwa da ke Nassarawa. Uku suka ce ƙwallo, biyu suka ce koyon mota, ɗaya ya ce taron siyasa. Ko mutum ɗaya bai ambaci doki ba, alhali ga sunan filin nan yana faɗar aikinsa.

Kanawa sun san sukuwa tun kafin zuwan Bature. Abin da Turawa suka kawo bayan sun ci Kano a 1903 shi ne da'irar da aka shata, da zagayen da ake ƙirgawa, da kofin da ake miƙa wa mai doki. Irin wannan fili suka yi a Legas da Kaduna. To ina na can suke yau? A na Legas aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, daga baya aka malale shi da siminti ya koma Dandalin Tafawa Balewa. A na Kaduna aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, yanzu Dandalin Murtala ake kiransa. Namu ma ba a ƙyale shi ba. Kun tuna benen shagunan da aka gina a jikinsa, wanda gwamnati ta rushe a watan Yunin 2023.

Amma ni abin da ya fi damuna dawakin ne. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya shekara da shekaru yana aikin barga. In ka zauna da shi bayan la'asar, zai lissafo maka zakarun zamaninsa ɗaya bayan ɗaya: wane akawal ne ba ya son a sha gabansa, wane kili ne yake lafewa a baya sai an zo kwanar ƙarshe ya fito kamar an harba kibiya, waɗanne aka kawo daga Sudan da Chadi. Zai gaya maka yadda ake tashi da asuba a fita kilisa, da yadda ake auna wa doki gero da harawa da kanwa idan sukuwa ta matso. Na tambaye shi, "Baba, ina aka rubuta duk wannan?" Sai ya yi dariya ya nuna kansa da yatsa. Ya haura tamanin, kuma bana sau biyu yana kwanciya asibiti.

Ku dubi Ɗanfilinge, dokin Sarkin Gobir na Isa. Har yau ana jin sunansa a rediyo saboda Narambaɗa ya yi masa waƙa. Dawaki nawa ne suka yi gudu irin nasa, ba su sami mawaƙi ba, sunansu ya bi ƙura?

Na san wani zai ce sukuwa wasan masu kuɗi ne, me ya shafi ɗalibin da ke zuwa makaranta a ƙafa? Gaskiya ne, ba kowa ke iya ciyar da doki ba, ni kaina ko akuya ba ni da ita. Sai dai mahayan da ke kan dawakin, da masu yankan ciyawa, da masu ɗinkin sirdi, da maƙeran linzami, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne irinmu. Kofin yana falon mai doki, su kuwa ba wanda ya rubuta sunansu.

Don haka ina roƙon Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya nema mana izini mu je filin ranar wata Asabar, da biro da littafi da wayar ɗaukar murya. Kowa kuma ya binciki tsofaffin unguwarsu. Abin da muka samo mu riƙa liƙa shi a wannan allo, doki ɗaya kowane mako, da sunansa da launinsa da wanda ya hau shi. Ni zan fara da na tsohon unguwarmu ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu.