Cinikin biri a sama: Darasin da Mubi za ta koya wa masu karatun kasuwancin intanet

Idan aka ambaci Vimtim a ofisoshin Abuja, abu biyu ne ke faɗo wa wanda ya san sunan. Garin su marigayi Alex Badeh ne, Babban Hafsan Tsaron ƙasar nan a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, kuma yana cikin garuruwan da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen watan Oktoban 2014, lokacin da ta kama Mubi har ta sauya mata suna. Da wuya a sami wanda zai tuna da shi idan ana zancen tattalin arzikin zamani. Ni kuwa ina ganin duk malamin da ke koyar da kasuwancin intanet ga ɗaliban digiri na biyu a fannin kasuwanci, da zai kwashi ajinsa ya kai su Vimtim da kasuwannin Mubi na mako biyu, da sun dawo da abin da zango guda na lacca bai ba su ba.

Kwanakin baya wani ƙanena da ke karatun MBA a wata jami'a ya nuna mini jadawalin darasinsu na kasuwancin intanet. Mako na farko tarihin Amazon, na biyu eBay, na uku rabe-raben ciniki tsakanin kamfani da kamfani da kuma tsakanin kamfani da mai saye, sai yadda ake tsara shafi, sai yadda ake jawo hankalin mai bincike a Google. An taɓo Jumia da Konga can wajen ƙarshe, kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire. Babu laifi a ko ɗaya daga cikinsu. Sai dai kowane darasi ya tsaya ne a kan wasu abubuwa da marubutan littattafan Amurka ba su ga dalilin ambata ba, domin a wajensu sun zama kamar iska: kowane gida yana da lamba, gidan waya yana zuwa ƙofa kullum, mai saye yana da katin banki, idan an cuce shi bankin zai mayar masa da kuɗinsa, idan abin ya faskara kotu na nan. Cire waɗannan, sai darasin ya zama tatsuniya mai daɗin ji.

A ce wata mata ce a Vimtim, ta noma wake ta tara buhu goma. Ɗanta yana da waya, ya ɗauki hoton waken ya sa a WhatsApp, wani ɗan kasuwa a Onitsha ya gani ya ce yana so. Wannan kasuwancin intanet ne, babu ragi, kuma irinsa ake yi kullum a Arewa ba tare da wani shafi ko manhaja ta musamman ba. To amma wa zai fara sakin abin hannunsa? Idan ta ɗora wake kafin kuɗi su shigo, wa ta sani a Onitsha? Idan shi ya tura kuɗi kafin ya ga kaya, me zai hana a aika masa da wake mai ƙwari, ko a kashe waya? Bahaushe ya daɗe da raɗa wa irin wannan suna, ya kira shi cinikin biri a sama, kuma ya yi gargaɗi a kansa tun kafin a haifi kwamfuta. Kasuwancin intanet gaba ɗayansa cinikin biri a sama ne, kuma duk kamfanin da ya yi nasara a cikinsa ya yi ne domin ya gano dabarar da za ta sa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba su yarda da juna.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun riga duniya magance wannan matsala, amma ba ma koyar da yadda muka yi. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya yi nazarin yadda fataken shanu daga Arewa ke sayar wa mahauta Yarabawa dabbobi bashi, ba takarda ba sa hannu. Ya tarar da cewa maigidan da ke saukar da baƙo shi ne ginshiƙin harkar: shi ke ba falke masauki, dillalansa ke haɗa ciniki, shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke cin bashi, kuma idan mai saye ya gudu shi ke ɗaukar asarar, domin sunansa shi ne jarinsa. Littafin da ya fito daga wannan bincike a 1969 har yau ana karanta shi a jami'o'in Turai. Yanzu a dubi abin da kamfanin Alibaba ya yi a ƙasar Sin. Da ya buɗe kasuwar Taobao a 2003, ya tarar mutane ba sa yarda su tura wa baƙo kuɗi, sai ya ƙirƙiro Alipay, wanda ke riƙe kuɗin mai saye har sai ya tabbatar kaya sun iso shi sannan a sakar wa mai sayarwa. Aikin maigida ke nan, aka mayar da shi manhaja. Ɗalibinmu zai iya rubuta shafi biyar a kan Alipay a jarrabawa, amma bai taɓa zama da dillali a Tike ya tambaye shi yadda ake yanke la'ada, ko wa ke biya idan saniya ta mutu a hanya, ko yadda ake hukunta wanda ya ci amana ba.

Tiken Mubi kuwa ba ƙaramar kasuwa ba ce. Shanu na shigowa daga Kamaru da Chadi, tireloli na lodi zuwa kudancin ƙasar nan, kuma an daɗe ana ciniki ta waya, mai saye yana Legas ko Fatakwal, wakilinsa yana tsaye a kan dabba yana nuna masa ita ta bidiyo. Ga Jami'ar Jihar Adamawa a garin tun 2002, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta girme ta nesa ba kusa ba. Ban san wani wuri a Nijeriya da aji da ɗakin gwaji suka kusanci juna kamar haka ba.

Batun biyan kuɗi ma mun gan shi da idonmu. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sannan a watan Disamba ya ƙayyade abin da mutum zai cira a mako, da farko naira 100,000, daga baya aka ɗaga zuwa 500,000. Lodin tirela ɗaya na shanu kuɗinsa miliyoyi ne, kuma makiyayin da ya koro su daga ƙetaren iyaka ba ya da asusu a bankin Nijeriya. Kowa ya san abin da ya faru a watannin farko na 2023: layi a bankuna, sayen naira da naira, taransifa ta maƙale kwana da kwanaki, kasuwannin ƙauye suka mutu murus, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris. Waɗanda suka tsara wannan manufa ba jahilai ba ne, da yawansu suna da digiri na biyu, wasu daga manyan makarantun duniya. Abin da ya kuɓuce musu shi ne sanin yadda kuɗi ke zagayawa a gari irin Vimtim, inda banki mafi kusa sai an hau mota zuwa Mubi, kuma waɗanda suka ga yadda bankunan Mubi suka rufe a 2014 suna da hujjar riƙe kuɗinsu a hannu.

Wani abin lura kuma, eNaira da aka ƙaddamar da gagarumin biki a Fadar Shugaban Ƙasa a watan Oktoban 2021 ba ita ta ceci jama'a a wancan lokaci ba. Yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS shi ya zama bankin unguwa, kuma kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu karɓuwa domin taransifarsu tana shiga lokacin da ta manyan bankuna ke tsayawa. Me ya sa mai shago ya yarda da wannan ya ƙi wancan? Nawa mai POS ke ci a kan kowace naira dubu goma, kuma ina yake samo tsabar kuɗin da yake bayarwa? Ya ake yi da alat na bogi? Harajin naira 50 da gwamnati ke cira a kan taransifar da ta kai naira 10,000, wa yake faɗa wa a ƙarshe? Kowace tambaya a nan ta isa kundin digiri na biyu, kuma amsarta tana bakin kasuwa.

Isar da kaya kuwa, tashar mota ce gidan wayarmu. Ka kai kaya tasha, ka biya direba, ka karɓi lambarsa ka tura wa mai jira, shi ke nan. Daga Mubi zuwa Yola ta Hong da Gombi da Song, daga can zuwa ko'ina. Idan kaya suka ɓata, shugabannin tasha ake kai wa ƙara, kuma sau da yawa suna warwarewa kafin magariba. Jumia, da aka kafa a Legas a 2012 har ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, ta sha wahalar wannan darasi da kuɗin masu zuba jari: kai kaya ƙofa-ƙofa inda babu lambar gida, ga mai saye da zai ce sai ya gani zai biya, ya gani kuma ya ce ya fasa. A shekarar da ta shiga New York ɗin ta rufe harkarta a Kamaru. A shekarun baya-bayan nan ta karkata ga buɗe wuraren karɓar kaya a ƙananan birane, wato ta dawo ga tsarin tasha.

Na san abin da wasu malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Digiri na biyu ba koyon sana'a ba ne, ɗalibi yana buƙatar ƙa'idojin da za su yi masa aiki ko a Dubai ya sami kansa, kuma ba a gina babban kamfani da lambar wayar direba. Na yarda. Tsarin dillali yana da iyaka: ba ya wuce inda sunan mutum ya kai, yana rufe ƙofa ga baƙo da mace da matashin da ba shi da ubangida, kuma akwai dillalan da ke cin manomi da mai saye gaba ɗaya. Amma ai wannan shi ne aikin ɗalibin kasuwanci, ya gano inda tsarin ke yoyo ya ga abin da fasaha za ta toshe. Ba zai gyara abin da bai taɓa kallo ba. Ita kanta Makarantar Kasuwanci ta Harvard da ake ɗauko darussanta, ta yi suna ne tun shekarun 1920 saboda malamanta sun riƙa shiga kamfanonin ƙasarsu suna rubuta matsalolinsu na gaske suna kawo wa aji. Mun ɗauko labaransu, mun bar hanyarsu.

Dalilin da ya sa nake faɗa wa ma'aikatan Abuja wannan magana shi ne ku ne ɗaliban, kuma ku ne masu sa hannu. Ajujuwan MBA na ƙarshen mako cike suke da jami'an ma'aikatu da mataimakan masu riƙe da muƙamai, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu takardar kawai suke nema domin ƙarin girma. Daga waɗannan ajujuwa ake fitowa a rubuta wa minista takardar shawara. Manufar tattalin arzikin zamani ta 2020 zuwa 2030 da aka fitar a lokacin Isa Ali Pantami, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, da yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka da Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, duk a hannunku za su rayu ko su mutu. Ɗan kasuwar Mubi da ke karɓar sefa da safe ya biya da naira da yamma a hanyar Sahuda ya san ciniki tsakanin ƙasashe fiye da yadda taron bita a otal zai koyar, sai dai babu wanda ya rubuta abin da ya sani.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabon tsarin manhajar digiri na farko, inda ta riƙe kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. A yi amfani da wannan hikima a digiri na biyu, a kuma sharɗanta cewa darasin kasuwancin intanet ba ya cika sai ɗalibi ya bi ciniki ɗaya na gaske daga hoto a waya har zuwa shigar kuɗi, ya rubuta inda aka yi asara da wanda ya ɗauke ta. TETFund tana kashe kuɗi wajen tura malamai taruka a ƙasashen waje. Kuɗin tafiya ɗaya ya isa malami a Mubi ya shafe wata shida yana rubuta yadda Tike ke aiki, a buga shi da Ingilishi da Hausa, a koyar da shi a Zariya da Nsukka da Legas. A kuma lissafa irin wannan rubutu cikin abin da ke ɗaga malami zuwa farfesa, domin muddin maƙala a mujallar waje kaɗai ake ƙirgawa, babu malamin da zai ɓata takalminsa a kasuwar shanu. Sannan a buɗe ƙofar aji ga sarkin tasha da shugaban dillalai su zo su yi magana a biya su, kamar yadda ake gayyatar manajan banki.

Na tambayi ƙanen nan nawa wane aiki aka ba su na ƙarshen zango. Ya ce su tsara shafin sayar da takalma, da kwandon saye da wurin sa lambar kati. Na ce masa idan ya gama ya je ya samo mini yadda buhun wake goma zai tashi daga Vimtim ya isa Onitsha, kuɗi su dawo cif, ba tare da ɗayansu ya kwana da fargaba ba, ya kuma faɗa mini nawa za a ci a hanya da wanda zai ci. Ya ce zai tambayi malaminsu ko za a karɓi wannan a madadin takalman.