*ALOBERA: KU DASA TA A GIDA, AMMA KU DAINA SHAN ƊACINTA*



Yau magana ce a kan shukar nan mai kaurin ganye da ƙananan ƙayoyi a gefe, wadda ganyenta ke fitowa daga gindi ɗaya ya zagaye kamar an jera shi da hannu. Larabawa suna ce mata *sabir*, mu kuma alobera. Tana da 'yar uwa a dazukanmu da dattawa ke kira zabuwa ko kabar giwa. Ra'ayina shi ne duk gidan da ke da tsakar gida ya kamata ya mallaki ko tushe ɗaya ne. Amma abubuwa biyu nake gani a nan Bomo da Samaru suna damuna: muna kashe ta da ruwa, sannan muna cutar da kanmu da ita.

Mu fara da ruwan.

Asalin alobera yankin Larabawa ne, ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwa. Allah Ya yi mata ganye kamar randa, a ciki take ajiye ruwanta, har ƙananan ƙofofin numfashinta ma da dare take buɗe su don kada rana ta ƙafar da abin da ta tara. To irin wannan shuka ce Uwargida za ta dasa a bokitin fenti marar huji, ta cika shi da baƙar ƙasar fadama, kullum safe da yamma a kwara mata sauran ruwan buta. Bayan wata guda gindi ya yi laushi, ganye ya zube, sai a ce ai baki ne ko kambun baka. Babu bakin kowa Hajiya, ruɓewa ta yi.

Samaru na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne ya fi nauyi. Idan marka ta kama, ku janye tukunyar zuwa baranda ko ƙarƙashin rumfa, nesa da indararo, kada ku ƙara mata ko ɗigo. Da hunturu sau ɗaya a mako biyu ya isa. Da bazara, Maris da Afirilu, a iya yi mata duk mako. Kafin ku zuba, ku cusa yatsa cikin ƙasar. In akwai danshi ku bar ta.

Tukunyar ƙasa ta fi roba, don tana tsotse danshi, kuma dole a huje gindinta. Yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, ɗan busasshen taki da ya daɗe, tsakuwa ko gutsuren gawayi a ƙasan tukunyar. Ranar safe take so. In kun ga ganye ya koma ja-ja, rana ce ta yi mata yawa, a matsar da ita inuwa, za ta dawo kore.

Ba sai kun saya ba ma. Uwar tana fitar da 'ya'ya a gindinta. Ku roƙi maƙwabciya ɗaya mai saiwa, ku ajiye shi a inuwa kwana 2 zuwa 3 wurin yankan ya bushe, sannan ku dasa, ku yi mako guda ba ruwa. Masu yanko ganye su soka a ƙasa kuwa, galibi ruɓewa yake yi. (A kuma ɗora ta sama, kaji ba su da kara wajen tono.)

Yanzu ga babbar maganar.

Imam Muslim ya ruwaito a babin Hajji daga Sayyidina Usman ɗan Affan (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai harami da idonsa ke ciwo nuni da ya yi ɗauri da sabir. Hadisi ne ingantacce. Amma ku lura, maganar sanyawa ce daga waje. Bai ce a matse ɗanyen ganye a ɗiga cikin ƙwayar ido ba, bai kuma ce a markaɗa a sha kofi guda kowace safiya ba. Mu ne muka ƙara wannan, muka jingina shi ga Sunnah.

In kun yanka ganyen, abu biyu ne a ciki. Akwai farin nama mai yauƙi a tsakiya, akwai kuma ruwa ɗorawa mai ɗan karen ɗaci da ke tsatsowa ƙarƙashin ɓawo. Wannan ɗorawan yana ɗauke da sinadarin *aloin*, wanda ke murɗa hanji ya sa gudawa mai ƙarfi. Gudawar ce ke sa mutum ya ce "dattin ciki na fita", alhali ruwan jikinsa da gishirin fotashiyam ne ke tafiya. Wata baiwar Allah a unguwarmu ta markaɗa ganye biyu da ɓawonsu don basir, sai da aka ƙara mata ruwa leda uku.

A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da alobera daga jerin magungunan sakin ciki da ake sayarwa ba takardar likita. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ruwan ganyen da aka haɗa da ɓawo cikin abubuwan da ake zargin za su iya jawo kansa. Na san wani zai ce kakanninmu sun sha. Sun sha, ɗan kaɗan, in ciki ya ɗaure, ba kullum a gora kamar zoɓo ba.

Mai juna biyu, mai shayarwa, yara ƙanana, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin zuciya ko na fitsari, kada su sha sam. Mai ciwon suga da ke kan magani ya tambayi likitansa tukuna, don sugan na iya faɗuwa ƙasa.

Ga fata kuwa, nan ne amfaninta yake. Ku yanko tsohon ganye na waje, ku tsayar da shi a kofi minti 15 ɗorawan ya tsiyaye, ku wanke, ku fere, ku ɗauki farin. A gwada kaɗan a hannu tukuna, don wasu yana sa su ƙaiƙayi. Yana sanyaya ƙaramar ƙuna da kaushin hunturu. In ƙuna ce, a fara sakar mata ruwa mai sanyi na minti 20 kafin a shafa komai. Ƙunar da ta yi zurfi, ko ta fi tafin hannu, ko ta yaro ce, ko a fuska take, a nufi asibiti kai tsaye. Shika ba nisa.

Wanda tasa ta fara laushi a gindi, ya tumɓuke ta yau, ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya shanya ta a inuwa kwana 3, ya sake dasawa a busasshen yashi. Sau da yawa tana tashi.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.