Filin Sana'ar Hannu: Amfilifayar Jita Mai Bawul

Yau za mu duba yadda ake harhaɗa amfilifayar jita irin ta da, mai bawul, a kuma sa mata amsa-kuwwa.

A shekarar 1963 ne kamfanin Fender na Amurka ya fara gina wannan amsa-kuwwa a cikin amfilifayarsa. Asirin abin kuwa shi ne waɗansu siraran sifirin, biyu ko uku, cikin ɗan akwatin ƙarfe. Bawul 12AT7 shi ke tura sauti ta ƙaramin taransifoma, sifirin su kama rawa, sautin ya yi ta kai da komowa. Sa'an nan bawul 12AX7 ya karɓe shi, ya ƙara masa ƙarfi, a gauraya da na asali. Sai ka ji jita tana amo kamar a cikin kogo. A nisanta akwatin daga babban taransifoma, in ba haka ba, gurnani ya ɓata aikin.

Amma fa a yi hattara. Kwandansa kan riƙe wutar da ta haura bolt 400 ko bayan an zare filogi, kuma tana kisa. A sauke wutar da rizisto, a auna da mita, kafin a sa hannu. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.