Wa Ya Danne Manganci a Gumel?

Kullum kukanmu ɗaya ne: Turanci ya danne Hausa. To, Manganci fa, wa ya danne shi a Gumel? Mangawa ne suka kafa masarautar Lautai, amma yau ka zaga Gagarawa da Sule Tankarkar, ka faɗa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, Hausa ce ke cin karenta babu babbaka.

A Sifen, gwamnatin Janar Franco ta kori harshen Katalan daga aji da ofis tun 1939, sai Sifaniyanci kaɗai. Harshen bai mutu ba. Dama Pompeu Fabra ya rubuta masa nahawu a 1918, da ƙamus a 1932, don haka da Franco ya mutu a 1975 malamai suna da abin koyarwa a hannu.

Mu babu sojan da ya hana mu, sakaci ne kawai. Masu cewa “ai kowa na jin Hausa” su sani, irin wannan hujjar ce ake kafa wa Turanci a kanmu. Ga Kwalejin Ilimi a Gumel, ga waya a aljihun kowane ɗalibi. A tura su ƙauyuka su naɗi maganar tsofaffi tun suna da rai.