Kafin Baƙin Salla Su Iso, A Ɗaga Kai A Dubi Rufin Gida

Kowace shekara idan watan Zulhajji ya ƙarato, hankalin magidanta yakan tattaru ne a kan ragon layya da ɗinkin iyali da kuma abin da za a tarbi baƙi da shi. Akan shafe ɗakuna da fenti, a sake labule, a fito da darduma da sababbin tabarmi, amma da wuya ka ga wanda ya jingina tsani ya hau ya dubi abin da zai kasance bisa kawunan mutanen da ya gayyata. Wannan sakaci kuwa ya cancanci a tsaya a yi magana a kansa, saboda lokacin da Babbar Salla take faɗowa a 'yan shekarun nan.

Sanin kowa ne shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 11 ko kusa da haka, don haka Salla takan matso gaba kowace shekara. A 2019 an yi Babbar Salla ran 11 ga Agusta, watau a tsakiyar marka. A 2022 ta faɗo ran 9 ga Yuli, a 2024 ran 16 ga Yuni, a 2025 kuma ran 6 ga Yuni. Ke nan ta bar tsakiyar damina ta gangaro bakinta, inda bazara ke miƙa wa damina ragama. Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya san halin ruwan farko: hadari ya haɗo daga gabas, ƙura ta turnuƙe, iska ta riga ruwa isowa, kafin a ankara kwanon wani yana tsakar gidan maƙwabcinsa. Ruwan Agusta jiƙa gini yake yi a hankali har ya zauna, na Mayu da Yuni kuwa yaye rufi yake yi farat ɗaya. A daidai wannan lokaci ne ɗakin da mutum biyu ke kwana zai ɗauki mutum takwas, a buɗe shagon da ya shekara a rufe a shimfiɗa wa 'yan'uwan da suka zo daga Ikko ko Fatakwal.

Abin da ya auku a Zariya ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 ya isa wa'azi. Ana cikin sallar la'asar wani sashe na babban Masallacin Juma'a na birnin ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, wasu kuma suka ji rauni. Wannan masallaci aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun wajajen 1830, kuma masana gini daga ƙasashe da dama sun sha zuwa kallon bakan gizonsa. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana guda kafin haɗarin, ana kuwa shirin kawo masu gyara sai ƙaddara ta riga fata. Haka nan a farkon Satumba 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwa. To, idan gine-ginen da idon jama'a ke kansu sau biyar a yini za su yi haka, ina ga ɗakin baya wanda ba mai shigarsa sai ranar da aka yi baƙi?

Iyayenmu da kakanninmu ba su ɗauki soro a kan abin da ake ginawa a manta da shi ba. Magini yakan jera azara, watau tsagin giginya wanda gara ba ta cika yi wa lahani ba, ya shimfiɗa zana ko ƙirare a kai, ya ɗora ƙasa, sa'an nan ya rufe da abin da zai hana ruwa shiga. Masu hali sukan yi laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina da gashin awaki daga majema da ruwan dafara. Wasu kuma sukan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Da rani ya yi nisa sai a ga kowane gida ana kwaɓa ƙasa ana yaɓe, ana cike tsagogi, ana share indararo, ana ƙara wa bangon gabas kauri domin shi ruwa ya fi duka. Kowane gari yana da Sarkin Magina wanda ya san hannun kowane magini, a zamanin En'e kuma ga duba-gari suna zagaya unguwanni. Yau marina sun ragu, masu sanin haɗin laso sun tsufa, mutane da yawa kuma sun koma shafa siminti a kan ginin ƙasa. Siminti kuwa ba ya kama jar ƙasa da kyau. Bayan damina biyu ko uku sai ya ɗaga, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa ya kwanta, daga waje ana ganin gini lafiya lau alhali cikinsa ya zama taɓo, bakin azara kuma yana ruɓewa inda ya shiga bango.

Shi ma kwano, wanda jama'a suka rungume shi don gudun wahalar yaɓe, yana da tasa cutar. Tsatsa takan fara ne daga bakin ƙusa da wurin da falle ya hau kan falle. Katakon da aka yi rufi da shi yana ɗanye yakan bushe ya saki ƙusa, wanda ba a shafa wa magani ko baƙin mai ba kuma gara takan cinye cikinsa ta bar ɓawo. Babban abin da ke sa rufi ya tashi gaba ɗaya shi ne rashin ɗaure katako da bango. Iska idan ta bi ta saman kwano tsotsarsa take yi sama, idan kuma ta sami shiga ta ƙofa ko taga sai ta tura shi daga ciki, rufin da aka ɗora kawai ba a kama shi da ƙarfe ko waya ba sai ya tafi kamar faifai. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jibgewa a kai ba su maye gurbin ɗauri, su kansu sukan zama abin jifa ranar guguwa. Masu dakin na kankare su ma kada su saki jiki, gama ruwan da ya kwanta a kai yakan bi ƙananan tsagogi ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa simintin daga ciki.

Ba mu jahilci halin da ake ciki ba. An ga irin tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar Naira a watan da ya biyo ba, har buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, bandir ɗin kwano da katako da ƙusa su ma suka bi sahu. Magidanci mai ƙaramin albashi yana da hujja idan ya ce aljihunsa ba zai ɗauki rago da rufi a wata guda ba. Amma fa yawancin gyaran da ake magana a kai ba na sake rufi ba ne. Share indararo, sake ƙusoshin da suka saki, toshe huda da kwalta, sauya falle ɗaya ko biyu, cike tsaga da ƙasa mai kyau, duk aikin yini guda ne ga kafinta ko magini, kuɗinsa kuwa bai kai na cinyar rago ba. Malamai sun bayyana cewa layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, kiyaye rayukan iyali da baƙi kuwa nauyi ne da ba ya sauka daga wuyan mai gida.

Saboda haka ga abin da ya kamata a yi tun Salla tana da sauran mako biyu ko uku. A shiga kowane ɗaki da rana a rufe ƙofa a dubi sama, duk inda haske ya ɓullo ruwa ma zai ɓullo. A lura da tabon ruwa a jikin silin, da silin da ya yi ciki, da azarar da ta lanƙwasa, da garin katako ko ƙasa da ke zubowa a gefen bango. A ƙwanƙwasa katako a ji ko ya zama holoƙo. A sare reshen itacen da ke gogar kwano, a kwashe ganye da ledoji daga magudana, a tabbata indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin bango. Inda wayar lantarki ta bi ta wurin da ke yoyo, a kira mai gyaran wuta kafin a kwantar da yara a ɗakin. Kada a tura yaro kan rufi, kada kuma a hau kwano yana jiƙe, wanda ya hau ya taka kan layin ƙusa inda katako yake. Ɗakin da aka ga tsagarsa tana ƙaruwa, ko ƙofarsa ta fara cijewa ba dalili, a fitar da mutane daga cikinsa a ranar, ko da baƙi za su kwana a zaure ko gidan maƙwabci. Kunyar wannan ta fi sauƙi bisa ga zaman makoki ranar hawan Salla.

Akwai kuma rabon hukuma a cikin wannan al'amari. Nijeriya tana da ƙa'idar gini ta ƙasa tun 2006, amma a unguwannin da talakawa ke zaune kusan ba a san da ita ba. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, sai dai kaɗan ne daga cikinsa ke isa kunnen mai unguwa da harshen da zai gane. Ya kamata ƙananan hukumomi su farfaɗo da zagayen duba-gari kafin faɗuwar ruwa, su haɗa kai da hakimai da dagatai da shugabannin magina, a fara da masallatai da makarantun allo da na boko da rumfunan kasuwa inda jama'a ke taruwa. Masu gidajen haya su ma a tuna musu cewa karɓar kuɗin shekara yana tafe da gyaran rufi, domin sau da yawa ɗan haya yana ganin yoyo amma ba shi da ikon taɓa ginin da ba nasa ba. Kayan agajin da ake rabawa bayan iska ta yi ɓarna abin godiya ne, amma da an kashe kaɗan daga cikin kuɗinsu wajen gargaɗi da dubawa tun da wuri, da waɗanda za su bukaci agajin sun ragu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya kira 'yan'uwansa su zo su yi Salla a gidansa ya ɗauki amanarsu tun daga sallamarsu har ranar da zai raka su tasha. Allah Ya kai mu Salla lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu daga sharrin iska da ruwa, amin.