Waiwaye: Ƙwaya Biyu da Suka Yi wa Zuciya Yawa

A shekarar 1978 wasu likitoci a Jami'ar Columbia da ke New York, da wani likita a Suwidin, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da labarin da ya ba abokan aikinsu kunya: idan majinyaci yana shan digoksin aka ƙara masa kwinidin, yawan digoksin da ke jininsa yakan ninka, ba tare da an ƙara masa ko rabin ƙwaya ba. A lokacin an kusa shekara hamsin ana rubuta magungunan nan biyu a kan takarda ɗaya.

Kowannensu tsohon hannu ne. Asalin digoksin wani fure ne na Turai wanda William Withering ya rubuta littafi a kansa a Ingila a 1785, sai a 1930 aka tace sinadarin zalla. Shi kuwa kwinidin ɗan'uwan kwinin ne na zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itace ɗaya ake samun su. Yadda ya shigo harkar zuciya ma abin dariya ne. A 1912 wani ɗan kasuwa ya je wa Farfesa Karel Wenckebach da bugun zuciya marar tsari, farfesa ya ce ba shi da maganinsa. Mutumin ya ce shi yana da shi, ya tafi ya sha kwinin ɗinsa, washegari ya dawo bugunsa ya daidaita. Zuwa 1918 Walter Frey ya nuna cewa kwinidin ya fi kwinin iya wannan aiki.

Haɗa su da aka riƙa yi kuwa ba ganganci ba ne, littattafan koyarwa ne suka ce a yi. Idan ɗakunan sama na zuciya suka rikice suna karkarwa maimakon bugawa, kwinidin shi kaɗai yana iya ƙara wa bugun sauri kafin ya daidaita shi. Don haka ake fara ba da digoksin ya rage gudun, sannan a kawo kwinidin ya mayar da tsari. Hujja ce mai kyau.

To me ya hana a gane? Shi kansa kwinidin yana sa tashin zuciya da amai da gudawa, har da suma. Duk majinyacin da ya fara amai bayan an haɗa masa su, sai a ce ai halin kwinidin ke nan. Idan bugun ya ƙara lalacewa, sai a ce ciwon ne ya yi nisa. Kowace alama tana da wanda za a ɗora wa laifinta, kuma babu hanya mai sauƙi ta auna digoksin a jini sai a 1969, da masu bincike a Amurka suka samar da gwajin. Ko da gwajin ya samu, sai da aka ƙara shekara tara kafin wani ya jera sakamakon majinyata ya lura. Daga baya aka gano dalili: akwai wani furotin a ƙoda da hanji mai tura digoksin waje, kwinidin kuma toshe shi yake yi. Kamar kwata ce ta toshe da damina, ruwan sama bai ƙaru ba amma tsakar gida ta cika. Shi kuma digoksin, tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa siririya ce ƙwarai.

Kwinidin ya ja baya bayan 1990, da aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje aka ga masu shansa sun fi mutuwa. Amma wanda ya gaje shi, amiyodaron, ya gaji halin. Shi ma yana tara digoksin, shi ya sa likitan da ya san aikinsa kan rage digoksin da kusan rabi ranar da ya fara ba da shi. Wani maganin zuciya, berapamil, shi ma haka yake yi, kuma idan aka haɗa shi da irin su atenolol bugun na iya saukowa har mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon zance shi ne, a ganina kuskuren da ya ɓoye gubar a wancan zamani yana nan da ransa a wajenmu. Digoksin yana da araha, ana ba masu kumburin zuciya, ciki har da matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ciwon da aka daɗe da sani a Zariya da Kano. Yawanci ana haɗa shi da maganin fitsari irin Lasix, mai zubar da sinadarin fotasiyam, wanda raguwarsa ke ƙara wa digoksin dafi. To a ce dattijuwa ta daina cin abinci, tana amai, tana jiri, ta ce tana ganin komai rawaya-rawaya. Me za a ce a gida? Taifod ne, ko shawara. A aika yaro kemis. In aka yi rashin sa'a aka ba ta kwinin, an ƙara mata wani mai tara digoksin ɗin.

Ba kowane asibiti ne ke iya auna digoksin a jini ba. Abin da ya rage shi ne yatsa a kan jijiyar hannu, da na'urar zanen bugun zuciya, da ledar magani. Bugun da ya sauka ƙasa da 60 a minti, ga amai, ga jiri, asibiti yake nema a ranar, ba a yanke magani a gida ko a ƙara wani ba. Ledar kuma a zazzage ta gaba ɗaya a gaban likita, da na wannan asibiti da na wancan, har da kwalin da ya ƙare. Don majinyaci yakan ce, "Likita, ai wancan na daina sha tun kafin azumi," alhali in amiyodaron ne, a kitsen jiki yake zama, kuma sai ya yi kusan wata biyu kafin rabinsa ya fita.